Littafin Gwaggo na Ƙarshe

Gwaggo ta rasu ranar Talata da hantsi a ɗakinta na Birnin Ƙonni, aka kai ta makwancinta kafin la'asar. Ni ina Yamai a buro, wato ofishin da nake aiki, aka kira ni, ban iso ba sai washegari da azahar. Daga Allah muka zo, wurinsa kuma muka nufa gaba ɗaya, ita dai ta riga mu kama hanya. Ƙanwar mahaifina ce, ta haura saba'in, ba ta bar ɗa ba balle jika. Abin da ta bari littattafai ne goma sha huɗu na soyayyar mutanen dā, waɗanda aka yi ta rububinsu daga Ƙonni har Sakkwato da Kano da Maraɗi, kuma babu ko ɗaya mai ɗauke da sunanta. Sai na goma sha biyar, wanda ba a buga ba, wanda ta rantse shi kam da sunanta na yanka zai fito. Yana cikin adakarta ta ƙarfe, a rubuce da ajami, kuma duk duniya ni kaɗai na iya karanta hannunta. Ko a cikin mota, Allah ya yafe mini, rabin kukana na Gwaggo ne, rabi na adakar nan.

Na tarar da gidan a cike. Mata sun shimfiɗa tabarmi tun daga bakin zaure har gindin dogon yaro, kowace da irin Gwaggon da ta sani.

"Ba ta tambayar baƙo ko ya ci," in ji maƙwabciyarta. "Sai dai shi ga kwano gabanai."

Matar Baffa, wato matar yayan Gwaggo wanda shi ne babba a gidan yanzu, ta share ido da bakin mayafi ta ce, "Tana da hwaɗa, Allah shi jiƙanta. Ni nan shekara arba'in ina shan shi. Amma in ta ƙare, ita ka aiko miki da hura."

Wata tsohuwa da ta taso tun daga Badaguishiri ta ɗaga hannu sama. "Malama ta, wallahi malama ta. Ban taɓa ishe ta babu alƙalami ga hannu ba. Mu muna surutun duniya, ita tana rubuta sunan Allah."

Aka amsa mata da "ƙwarai" daga kowane gefe. Ni kuwa na sunkuyar da kai, don na san abin da Gwaggo ke rubutawa da alƙalamin nan, kuma ba wuridi ba ne.

Da la'asar wata mai ɗinki daga Dogarawa, wadda ba wanda ya san ta a gidan, ta matso kusa da ni. Idanunta sun fi na dangi kumbura. Ta yi ƙasa da murya ta ce ta karance littattafan duka, wasu har sau uku, kuma bara waccan ta bi diddigi har ta gano gidan, Gwaggo ta ba ta fura ta sallame ta da zolaya.

"Ta ce mini akwai wani bisa hanya wanda ya hi su duka. Shina nan?"

"Shina nan," na ce, na nuna mata ƙofar ɗakin da ido.

Yana nan ɗin kuwa. Adakar na jingine da bango inda take tun ina yarinya, an aza mata nannaɗaɗɗen buzun salla, makullin yana aljihun Baffa. Sai dai a gidanmu ba a taɓa kayan mamaci, ba a ma tambayar inda suke, sai an yi sadakar uku. Wadda ta yi gigin tambaya ta gama yawo, har jikokinta sai an faɗa musu cewa gado ya kawo kakarsu makoki. Balle ni, 'yar Yamai mai jakar hannu, wadda dā ma ake cewa tana gaida mutane a tsaye. Na ce wa kaina Juma'a, ranar sadakar, ba nisa. Na shiga ɗakin na zauna tare da tsofaffi, na jingina bayana da adakar, na yi Laraba da Alhamis a haka ina karɓar gaisuwa.

A zaman nan ne Gwaggo ta yi ta dawo mini, ba a jere ba.

Ba da son raina na zama mai kwafe mata ba. Shekarar da aurena ya mutu na dawo Ƙonni ina da talatin da 'yan kai, kowa na lallaɓa ni sai ka ce ƙwai. Gwaggo ta bar ni na yi mako guda ina jan zane, sannan ta aiko a kira ni. Na shiga ina jiran nasiha. Ta turo mini ƙunshin takardu da kaye, wato littafin rubutu irin na 'yan makarantar lakwal, da alƙaluman bik guda biyu.

"Kin yi kukan ya isa. Wanda kika yi ma shi shina can shina cin tuwonai. Zauna nan in koya miki hannuna."

Kafin ni, wani tsohon malamin lakwal ne a unguwar take karanta wa yana juyawa zuwa boko, har Allah ya yi masa rasuwa. Hannun nata kuwa sai ita. Ba ta sa wasali, tana haɗe baƙaƙen da ba a haɗewa, wasu kalmomin ma alama kawai take yi musu. Limamin unguwa ya taɓa ɗaukar wata takardarta da iska ta fitar zaure, ya juya ta sama ya juya ta ƙasa, ya mayar yana cewa wannan ilimi ya fi ƙarfinsa. Wata huɗu na yi kafin in iya karanta layi guda ba ta ƙwace takardar ba. Ban san ranar da na daina tunanin mutumin nan ba, na dai farga wata rana ina jin haushin wani madugu na cikin labari fiye da shi.

Yadda take aiki shi ne abin da ya fi ba ni dariya a lokacin. Da ta idar da sallar walha ba ta tashi daga kan buzu. Tasbaha na gefe, kwalbar tawada na gefe, alƙalamin kara a hannu, fuskarta na gabas. Kowane shafi da bisimilla take buɗe shi, babba, a sama. Duk wanda ya leƙo ya gan ta haka sai ya koma da sanɗa, ko yara ba sa wasa kusa da ƙofar. Na taɓa tambayarta ko ba ta jin nauyin barin mutane cikin duhu.

"Na ce musu addu'a nika yi? Ban ce ba. Su sunka ce." Ta tsoma alƙalami a tawada. "Ɗiyata, da sun san labarin saurayi da budurwa nika rubutawa, da tuni sun aiko mini da turmi. Mace ba ta samun hantsi nata na kanta sai in Allah taka kira."

Mutanen gida sun san tana da hannu a littattafan nan masu bango mai launi, amma a ganinsu da ka take ba da labarin, ni kuma 'yar boko in rubuta. A wurinsu abin a rabe yake: abin da aka rubuta da boko zancen duniya ne, abin da aka rubuta da baƙaƙen Larabci na Allah ne. Gwaggo ta ga wannan rabon ya yi mata daidai, ta shige cikinsa ta yi zamanta shekara arba'in.

Ba ta yarda da ƙarya a kan kaya ba. Kafin ta fara littafi sai ta yi watanni tana bin taksin ƙauye, yau Badaguishiri ranar kasuwa, gobe Dogarawa, jibi wani ƙauyen da sai da amalanken jaki ake shiga. Ta zauna cikin tsofaffi masu sayar da albasa da kuka, ta saya musu goro, ta buɗe takardunta a cinya. Ba ta tambayar labarin sarakai ko yaƙi. Abin da take so shi ne da me ake wanke kai kafin sabulu, yaya saurayi ke sallama in ya zo zance, me yake riƙowa, wa ke raka shi, a ina budurwa ke tsayawa, da wane zare ake ɗinke ƙwarya in ta tsage. Akwai littafin da ta ajiye shekara guda cur saboda ba ta sami wanda zai nuna mata yadda 'yan raƙuma ke ɗaure gishiri ba, sai da ta sami wani tsoho a Ilela ya ɗaure mata da igiya a kan turmi tana kallo.

"Ga soyayya ki yi ƙaryar da kika so, babu mai kama ki, kowa da tashi," haka take ce mini. "Amma ki yi ƙarya ga tukunya ki gani. Tsohuwa guda ta isa ta kunyata ki."

Mijinta direban babbar mota ne, ɗan gidan masu sufuri da kakanninsu suka zo daga wajen Sakkwato. Bai iya karatu ko wane iri ba. Shi ne ke sa kaye-kayen a ƙarƙashin kujerarsa ya tsallaka da su iyaka ya kai wa masu bugawa, shi ne kuma ya zaɓa mata sunan aro, don kada a ce matarsa na koya wa 'yan mata zance. Amma in ya ga mace a tasha ta duƙufa kan littafin, sai ya tsaya kanta yana murmushi har ta tsargu ta gyara mayafi. Ya dawo gida ya ce, "Yau na ga mutum uku suna karatunki. Guda har tana hwaɗa da takarda." Gwaggo ta ce masa ya je ya wanke ƙafa, amma ranar miyar gidan ta fi ta kullum nama. Bayan rasuwarsa ne ta fara cewa ta gaji da zama baƙuwa a bangon littafinta.

Sai dai lokacin da ta gaji, duniyar ma ta gaji da littafi. Masu shimfiɗa su a bakin kasuwa suka koma sayar da caja da murfin waya. Labaran Gwaggo ba su mutu ba, sun dai bar hannunta. Wasu 'yan mata suka riƙa karanta su a waya ana turawa gida-gida, kowace ta maƙala sunanta a kai. Wata rana matar Baffa ta kawo mata waya tana cewa ta ji wani labari mai daɗi, har ya fi irin na Gwaggo. Gwaggo ta saurara shiru, labarinta ne na uku, kalma da kalma. Abin da kawai ta ce shi ne yarinyar ba ta san yadda ake faɗin sunan rijiyar ba.

Wannan ne ya sa ta ɗora ranta kan na goma sha biyar. Shekara bakwai tana yinsa. Farkonsa kawai ta taɓa karanta mini: ɗiyar wani masaƙi da wani mahaƙin rijiya, garuruwansu tafiyar hantsi guda, sai Nasara suka zo suka kafa alamar iyaka a tsakani, hanyar da ake bi a je zance ta zama hanyar da ake kama mutum. Duk littattafanta na baya sai ta haɗa masoyan a ƙarshe, ko da sun tsufa. Na tambaye ta waɗannan fa.

"Waɗanga ban yi musu alkawari ba. In kin kwahe kin gani."

Na ce ta bari in ɗauki shafukan hoto da waya, ko don tsaro. Ta ce ba a ɗaukar abinta hoto yana tsirara, sai an gama an sa masa riga. Daga nan ba wanda ya isa ya sake tayar da maganar.

Faɗanmu na ƙarshe a kansa ne, kuma ni ce ba ni da gaskiya. Hutun bara ta kira ni ta ce ta sa aya, in zo in zauna wata guda mu juye shi. Na zo, amma kwana huɗu na yi niyya, ga aiki ya taru a buro, ga zafi, ga raina a ɓace da abubuwan da ba su shafe ta ba. Ta fito da ƙunshin ta aza a gabana, ya kai tsayin ƙaramin turmi. Na dube shi na ji gajiyar wata guda ta sauko mini tun ban taɓa shi ba.

"Gwaggo, mu bari sai baɗi. Wa ma ka sayen littahi yanzu? Ko mun buga, mako guda za a sace shi a sa ga waya."

Ba ta yi faɗa ba, kuma wannan ne ya tsorata ni, don Gwaggo in ta yi shiru abin ya kai. Ta ɗaure ƙunshin, ta mayar cikin adaka, ta murɗa makulli.

"Su sata. Amma su sata da sunana bisa. Abin da nika so ke nan, ba wani abu ba." Ta gyara ɗaurin kallabinta. "Tahi buronki, Madam. Baɗin na zuwa."

Da zan tafi ta cusa mini ƙullin kilishi da yaji a jaka kamar kullum, ta raka ni har bakin zaure. Na yi ta cewa zan kira in ba ta haƙuri yadda ya kamata. Na kira sau da yawa, muka yi zancen ciwon ƙafarta da tsadar gero, haƙurin dai ban ba da shi ba.

Ranar Juma'a tun da sassafe aka tashe mu aikin sadaka. Ni aka ba kula da masu tuyar masa a gidan maƙwabta, don an ce 'yar buro ta iya tsara mutane. Na ji daɗi ma, na ce da an shafa fatiha an watse zan sami Baffa in yi masa bayani a natse. Na fi awa biyu a can cikin hayaƙi. Da na dawo da kwanon ƙarshe, an riga an yi addu'a, mutane sun fara fita. A bakin zaure na yi karo da wata mata tana ninke wata takarda ƙanana-ƙanana tana ƙullewa a bakin zane. Ta bayanta ma haka. Ta ukun ta sumbaci tata ta aza a goshi, a nan na hango bisimillar Gwaggo, babba, a saman shafin.

Ban san inda na ajiye kwanon ba. Na kutsa cikin gida na tarar da Baffa zaune a kan kujera a ƙofar ɗakin Gwaggo, adaka a buɗe a gabansa, ba komai a ciki sai zaren da take ɗaure ƙunshin da shi. Baffa ya kusa tamanin, yana ta rufe masa ido, ba ya ganin komai sai inuwa da manyan baƙaƙe. Fuskarsa na haske irin na wanda ya sauke nauyi.

"Ɗiyata, ke ta? Zo ki ji abin alheri. Addu'o'in gwaggonki na ishe, adaka guda cike. Shekara da shekaru tana tara ma kanta lahira, ba mu sani ba yawansu ya kai haka. Na ce ba a barin wanga abu gara ta ci, ko shi ƙare ga masu ƙosai. Na raba ma jama'a, kowa shi samu albarka, ita kuma lada ta ishe ta can. Har mutanen ƙauye sun samu." Ya laluba aljihu ya fito da guda biyu. "Ga naki, na aje miki. Ke ta hi cancanta."

Na durƙusa na karɓa da hannu biyu. Me zan ce? In ce wa tsoho mai makoki, a gaban surukansa, cewa abin da ya raba wa liman da mutanen gari labarin saurayi da budurwa ne, kuma ƙanwarsa ta shekara arba'in tana fuskantar gabas tana rubuta shi? Na ce, "Allah shi saka, Baffa." Ya sa mini albarka. Na shiga bayan ɗaki na yi kukan da ban yi ba ranar da na iso, har matar Baffa ta biyo ni tana cewa sai yanzu mutuwar ta shige ni.

Ita na faɗa wa gaskiya, don dole wani ya taimake ni. Ta riƙe baki ta ce, "Amma gwaggonki ta iya shiru." Ta zauna ta lissafo mini duk wanda ta tuna ya karɓa, gida-gida, ƙauye-ƙauye. Na ɗauki hutu a buro na fara bi.

Abin da na riƙa cewa shi ne ina so in kwafi addu'ar in mayar musu. Cikin gari wasu suka ba ni, wasu suka ce sun aika wa 'ya'yansu a Kwatano ko Legas. Wata ta jiƙa tata ta ba mijinta mai ciwon ƙirji ya sha. A Dogarawa wani malami ya zauna da tasa kwana biyu har ya tsinci kalmomi kaɗan, ya gane inda aka dosa, ya tara ta matarsa da ta maƙwabta ya cinna musu wuta, ni kuma ya bi ni da kallon da har yau ina jin sa. Mai ɗinkin nan ta rufe shagonta ta bi ni kwana uku, ita ke shiga gidajen da nake jin kunya. Mafi yawa kuwa sun riga sun kai wa baduku, an ninke, an rufe da fata, an rataya a wuyan yaro ko ƙofar shago ko madubin mota. Laya kuma ba a buɗe ta, kowa ya san in an buɗe ta ta tashi aiki.

Shafi talatin da ɗaya na haɗa, daga abin da ya fi ɗari huɗu. Gwaggo ba ta sa lamba. Irin ta malaman dā take yi, ta rubuta kalmar farko ta shafi na gaba a can ƙasan wanda ta gama. Don haka kowane shafi da ke hannuna yana ƙarewa da kalma guda da ke nuna mini wanda ba ni da shi. Biyu kawai na samu da ke bin juna. A ɗaya mahaƙin rijiya na tsaye a bakin wata kasuwa yana jiran wani, a wani ɗiyar masaƙi na wanke wa wata tsohuwa kai, ban san ko wace ce ba. Hannun Gwaggo bai taɓa yin kyau kamar a nan ba, kuma wannan ya fi komai ci mini rai.

Abu guda ya rage. Matar Baffa ta ce daga sama Baffa ya riƙa ɗauka yana miƙawa, kuma ta ga wadda ta karɓi na can ƙasa, wata yarinya matar jikan wani abokin Baffa, daga Bazaga, wadda kunya ta sa ta tsaya baya har kowa ya gama. Shafin ƙarshe ke nan. Na ce ko ban sami littafin ba, in san dai ko Gwaggo ta haɗa su. Na sayi sabuwar reza na sa a jaka, da niyyar in lallashe ta mu farke ɗinkin, in karanta, in kai wa baduku ya mayar.

Na isa Bazaga da hantsi, gero ya fara fitar da kai. Na same ta a gindin rumbu tana tsince wake, cikinta ya tsufa. Ba ta fi shekara ashirin da biyu ba. Ta shimfiɗa mini tabarma, ta kawo ruwa, surukarta ta zo muka gaisa. A cikin gaisuwar ne surukar ta faɗa mini cewa wannan ciki na huɗu ne, ukun farko duk an haife su an binne, ba wanda ya kai suna. Layar na wuyan yarinyar, sabuwar jar fata, an ɗinke ta da kyau.

"Tun da nis sa ta ban sake mugun mafarki ba," in ji ta. "Ina kwana hal sahe." Ta ciro ta daga wuya ta aza mini a tafin hannu, ba ta saki igiyar ba. "An ce ke kaɗai ka gane hannunta, Inna. Wace addu'a ta ciki?"

Na ji kaurin takardar ta cikin fata. Jakata na kan cinyata, rezar na ciki. Surukar ta daina abin da take yi tana jiran amsa, ita ma yarinyar ta zuba mini ido.

"Ta tsari ce," na ce. "Babba ce. Ita tab bari ƙarshe don ta hi sauran. Kada ki bari kowa shi buɗe ta."

Ta mayar wuyanta da sauri ta tura cikin riga. Suka cika mini jaka da wake, surukar ta raka ni har inda ake jiran mota tana yi wa Gwaggo addu'a, wai ko bayan ranta tana aiki.

Yarinyar ta sauka bayan girbi, ta haifi mace, aka yi suna, aka mayar da layar wuyan jaririyar. Matar Baffa ke ba ni labarinta in na kira. Littattafai goma sha huɗu na nan suna yawo da sunayen wasu, na goma sha biyar ba zai fito ba, kuma in na mutu ba sauran mai iya karanta ko shafukan da ke hannuna. Ban rubuta sunan Gwaggo a nan ba, don a kan littafin ta so shi, ba a kan takardar makoki ba. Sau ɗaya, ranar da aka ce mini jaririyar na zazzaɓi, zuciyata ta raya mini cewa in abin ya faru za su cire layar su yar, kuma zan iya zuwa in roƙa. Na tashi na yi alwala na nemi gafara, har yau ban gama nema ba.

Allah ya jiƙan Gwaggo, ya yalwata mata makwanci, ya karɓi bisimillar da ta buɗe kowane shafi da ita. Jaririyar Bazaga kuma Allah ya raya ta, ta girma ta tsufa da abin nan a wuyanta.